Lissafin Mai Tukuba

Ni ne mai tukubar nan ta Ƙofar Ƙaura,
inda hayaƙi ke riga ladan sanar da magariba.
Shekara ashirin da ɗaya ina soka nama a tsinke,
ina barbaɗa ƙuli, ina yi wa wuta fifita.
Na iya ƙirga tsinke, na iya ba da canji a duhu,
amma akwai lissafin da ban taɓa zama na yi ba
sai daren Larabar nan.

Sada ne ke kawo mini itace.
Da can a ka yake ɗaukowa, daga nan bayan gari,
daga baya ya sayi keke don daji ya ja da baya.
Kirya ta ƙare, marke ya bi ta,
yanzu tun asuba yake bin hanyar Batsari
ya dawo da ɗanyen bedi, yana ba ni haƙuri,
kamar shi ya cinye dajin.

Sai ga motar ta faka.
Baƙa wuluk, goshinta ya kai mini kafaɗa,
tayarta ta fi ɗan autana tsawo.
Gilashi ya sauka kamar taƙi guda:
"Na dubu goma, a sa albasa, ban da kitse."
Ba a kashe inji ba.
Sanyin nasu ne a ciki,
zafin da take hurowa namu ne a waje.

Sada na duƙe yana kwance igiya.
Na miƙa ƙunshi, gilashi ya koma,
motar ta murɗa wuya za ta hau titi.
Ƙarar ba ta da yawa,
kamar an taka busasshen kara.

"Wallahi ban gan shi ba," in ji mai motar,
hannunsa na rawa, hularsa a ƙasa.
Na kuma yarda da shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.
Daga can saman kujerar
mutum a duƙe ba mutum ba ne, kwalta ce.

Ya kai shi asibiti, ya biya, ba zan yi masa ƙarya ba.
Cinya ta karye biyu.
Ni kuwa na tsince itacen da ya watse,
na zuba a wuta,
don mutum shida na tsaye suna jiran nasu.

Da na rufe, barci ya ƙi, na hau lissafi.
Jiya a mayanka an farke tumbin wata saniya,
aka zaro baƙar leda cike da bokiti,
irin wadda nake ƙulla wa mutane tsire.
Jinin ya bi kwata ya ratsa unguwa,
yara na tsallakawa da takalmin makaranta.
Na tuno manyan motocin ranar kasuwar Mai'aduwa,
shanu a ƙasa, samari a zaune kan ƙarfen sama,
sun nufi Kudu cikin dare
a kan birkin da Allah kaɗai ya san ƙarfinsa.
Duk wannan ba ya cikin kuɗin tsinke.
To wa ke biya?

Kada ku ce na tuba.
Baki tara ke ci daga tukubar nan,
gobe ma zan hura ta.
A gida dai ɗanwake Hanne ta yi,
na ci, na sha ruwa, cikina bai kai ƙarata ba.

Yanzu ƙanen Sada ke kawo itacen, shekararsa sha uku.
In babbar mota ta tsaya, nakan bar nama ya ƙone,
in riƙo wuyan rigarsa, in ja shi bayana
har sai ta wuce.
Ɗanyen bedi kuwa, in ka sa shi a wuta,
ruwa ne ke fita ta ɗaya bakin,
yana tsuwa a hankali.
Da ban taɓa saurara ba.